Wasiƙar Sashen Harsuna Zuwa ga Iyaye: Koyar da Sakin Layi da Insha'i a Wannan Zangon

Ya ku iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna fata kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya.

Wasiƙar wannan zangon ta tsaya ne kan rubutu, musamman ga 'yan SS1 zuwa SS3. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, ɗalibi ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, saboda haka yana iya samun maki mai kyau ba tare da ya rubuta ko jimla ɗaya da hannunsa ba. Amma da zarar ya shiga jami'a ko kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, sai ya tarar da jinga, da rahoton ɗakin gwaje-gwaje, da jarrabawar da ake amsawa da dogon bayani, sannan a ƙarshe kundin kammala karatu. Akwai darasin Turanci na dole a shekarar farko, amma 'yan watanni ne a aji mai cike da jama'a, ba zai gyara abin da aka bari a baya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa muke farawa daga SS1.

Ba ma fara wa yaro da insha'i. Da sakin layi muke farawa, domin duk wanda ya iya gina sakin layi guda mai ma'ana, insha'i ba zai gagare shi ba. Ƙa'idar da muke nanatawa ita ce: sakin layi ɗaya, batu ɗaya. Jimlar farko ta faɗi batun kai tsaye. Jimla biyu ko uku da ke biye su kawo dalili. Sai misali na zahiri, wanda mai karatu zai iya gani da idonsa. Jimlar ƙarshe ta ɗaure zancen ko ta miƙa shi ga sakin layi na gaba. Gaba ɗaya jimla biyar zuwa bakwai, kalma 80 zuwa 100.

Ga irin wanda muke so mu gani: "Zuba shara a kwata shi ne babban abin da ke jawo ambaliya a unguwarmu. Leda ba ta ruɓewa, don haka takan taru ta tare bakin kwalbati. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, sai ruwan ya rasa hanya ya koma kan titi, daga nan ya faɗa zaurukan gidajen da ke gangare. Gidajen ƙasa su suka fi shan wahala, domin ruwan yana cin gindin katanga. Yashe kwata kafin faɗuwar damina ya fi sake gina katanga arha." Ku lura cewa babu jimlar da ta kauce daga kwata da ruwa. Da ɗalibi zai sako zancen sauro da zazzaɓi a tsakiya, za mu ce masa maganar gaskiya ce, amma ta wani sakin layin ce, ya ajiye ta can.

Kurakuran da muka fi gani iri uku ne, kuma kowanne da sanadinsa. Akwai mai cika shafi guda ba tare da ya saki layi ko sau ɗaya ba, yana haɗa komai da "kuma" da "sannan". Wannan yadda yake magana yake rubutawa, bai tsaya ya rarrabe batutuwansa ba. Akwai mai sakin layi bayan kowace jimla, shi kuma yana da batu amma ba shi da hujja. Na uku ya fi wuyar ganewa, domin rubutunsa yana da tsawo kuma yana da daɗin ji: yana maimaita magana ɗaya ne da kalmomi daban. Zai ce ilimi yana da muhimmanci, ilimi haske ne, ba a ci gaba sai da ilimi, ya kai ƙarshen shafi bai faɗi abu ɗaya da ilimi ya yi wa wani ba. Maganin dukkansu tambaya biyu ce da muke rubutawa a gefen takarda da jan biro: "Don me?" da "Kamar yaya?"

Sai ɗalibi ya ƙware a wannan muke kai shi ga insha'i, kuma muna bin ma'aunin jarrabawar WAEC ta Turanci. A takarda ta biyu ana ba da tambayoyi biyar a zaɓi ɗaya, a rubuta kalma 450, ana kuma shawartar ɗalibi ya yi amfani da minti 50. Makin insha'in 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. A wannan kashi na ƙarshe ana cire rabin maki kan kowane kuskure na nahawu ko harafi ko alamar rubutu, ke nan kuskure 20 ya cinye goman duka. Yara da yawa a nan suke zubar da maki, ba don ba su san abin faɗa ba, sai don sun manta aya, ko sun fara jimla da ƙaramin baƙi, ko sun shigo da gajerun kalmomin da suka saba da su a WhatsApp. Kuma kun san ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci.

Minti 50 ɗin haka muke raba shi: goma na tsarawa, 35 na rubutu, biyar na dubawa. Goman farko ne yara suka fi ƙi, gani suke ɓata lokaci ne, alhali shi ne ke ceton sauran. A cikinsa ɗalibi zai ja layi ƙarƙashin muhimman kalmomin tambayar, ya tantance wa yake rubuta wa, ya jera batutuwa huɗu a gefe, kowanne da misalinsa, ya sa mafi ƙarfi a gaba. Daga nan lissafin mai sauƙi ne: gabatarwa kalma 50, sakin layi huɗu masu kalma 90 kowanne, kammalawa kalma 40 zuwa 50. Mai rubuta kalma tara ko goma a layi yana buƙatar layi 45 zuwa 50. Muna sa kowa ya san adadin kalmomin da yake rubutawa a layi, don kada ya zauna ƙirga kalmomi ɗaya bayan ɗaya a ɗakin jarrabawa.

Kowane irin insha'i da sigarsa. Wasiƙar hukuma tana da adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kanu, sa hannu da cikakken suna. Wasiƙar zumunci adireshi ɗaya ce, kuma harshenta a sake yake. A muhawara dole a ɗauki ɓangare guda a tsaya a kai. Maƙalar jarida tana son kanu da sunan marubuci. Waɗannan cikin mako biyu ake kama su.

Abin da ya fi damunmu shi ne haddar insha'i. Wasu ɗalibai sukan haddace guda daga littafin tambayoyin baya su juye shi ko da tambayar ta bambanta, kuma mai duba takarda yana ganewa tun daga layin farko. Yanzu an ƙara da kwafowa daga intanet ko ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema. Muna roƙonku kada ku bari, kuma kada yaya ko malamin lesin ya rubuta wa yaro aikinsa. Rubutu mai kuskure goma da yaro ya yi da kansa ya fi mana amfani, domin shi ne ke nuna mana inda za mu gyara. A manyan makarantu kwafar rubutun wani laifi ne da ke iya jawo soke aikin ɗalibi.

Darasin Hausa ma yana cikin wannan shiri, ba a bar shi a baya ba. Tsara tunani ɗaya ne a kowane harshe, kuma ɗalibi ya fi saurin kama shi a harshen da yake tunani da shi. A nan muna mai da hankali kan raba kalmomi da haɗa su: "shi ne" a rabe, "yana" a haɗe. Haka kuma haruffa masu lanƙwasa, domin "kafa" daban, "ƙafa" daban.

Tsarin zangon shi ne: 'yan SS1 sakin layi biyu a mako, 'yan SS2 insha'i ɗaya duk mako biyu tare da sake rubuta shi bayan gyara, 'yan SS3 insha'i ɗaya kowane mako a aji, da agogo a gabansu. Sake rubutun nan ba hukunci ba ne, a cikinsa ne ake koyon. Ba ma gyara kowane kuskure da kanmu. Alama muke sawa a gefen layin, ɗalibi ya nemo kuskuren ya gyara.

Gudunmawarku ba ta buƙatar jin Turanci. Sau ɗaya a mako, ko bayan sallar isha'i, ku sa yaro ya karanta muku abin da ya rubuta da babbar murya, domin kunne yana kama jimlar da ta karye kafin ido ya gan ta. Sannan ya rufe littafin ya faɗa muku da Hausa, a jimla ɗaya, abin da kowane sakin layi yake nufi. Idan ya kasa, sakin layin bai tsayu ba, ya sake rubuta shi. Minti 15 ya isa. In da hali, a bar masa jarida ko wani littafi ya riƙa karanta shafi biyu a rana, don mai karatu ne ke tara kalmomi.

Muna buƙatar kowane ɗalibi ya zo da littafin rubutu mai warƙa 60 wanda aka ware wa insha'i kaɗai, da biro shuɗi ko baƙi, da ƙaramin ƙamus. Za a riƙa turo littafin gida duk ranar Juma'a. Ku duba, ku sa hannu a ƙasan aikin makon, ya dawo ranar Litinin. Mai son ganin malamin ajin ɗansa yana iya zuwa ofishin sashe bayan an tashi daga makaranta.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.

Wassalamu alaikum,
Malaman Sashen Harsuna