Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Tafiyar Keken Da Yake Shiri

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Damagaram. Mahaifiyarka da ƙannenka na gaishe ka. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida.

Na zaɓi in rubuta maka ne saboda a waya kana da halin cewa "to, Baba" tun ban kai aya ba. Yayarka ce ta yi suɓutar baki, kada ka ga laifinta. Ta ce ka sayi keke mai faɗin taya, irin na bin hanyar tsakuwa, kuma a hutun ƙarshen Oktoba za ka ɗaura jaka ka bar Toulouse, can Faransa, kai kaɗai, ka yi kwanaki kana ratsa ƙauyuka. Da ta yi maka magana, wai sai ka yi dariya, ka ce ai hanyoyin ba a barin mota ta shiga. Na sa ta turo mini taswirar da ka aika mata, na ɗora tabarau na bi layin nan tun daga farkonsa har ƙarshe.

Ni ba maƙiyin keke ba ne, ka sani. Da shi nake zuwa makarantar da na fara koyarwa tun ba a haife ka ba. Kuma farkon hanyarka ban ga aibunsa ba. Canal du Midi, mashigin ruwan da aka haƙa don jirage, tun muna ɗalibai aka karantar da mu labarinsa: Pierre-Paul Riquet ya fara haƙa shi a 1666, aka buɗe shi a 1681, shi kuwa mai aikin ya rasu 'yan watanni kafin ya ga jirgi ya ratsa. Hanyar bakin ruwan da za ka bi, a da ta nan dawakai ke jan jiragen kaya. Daga Toulouse zuwa wajen Naurouze shimfiɗaɗɗiya ce, ga inuwa, ga jiragen masu yawon buɗe ido, ga ƙofofin ruwa inda ba a rasa mutane. In ka faɗi a nan, akwai mai ɗaga ka. Da a ce ka miƙe da ita har teku, ko da gaba ƙasa ce da saiwoyin itatuwa, ko da an sare da yawa daga manyan itatuwan saboda cutar da ta kama su, da addu'a kawai zan bi ka da ita.

Amma a Naurouze ka karkata. Ka bi ƙaramar magudanar da ke shayar da babban ruwan, ka nufi Revel da tafkin Saint-Ferréol, daga nan layinka ya haura dutsen Montagne Noire ta hanyoyin masu sarar itace, kafin ya gangara Mazamet ya kama tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu keke zuwa Bédarieux. Wannan tsakiyar, wannan dajin, shi ya hana ni barci.

Kai mota kake lissafi, ni kuwa bindiga nake lissafi. Oktoba tsakiyar lokacin farauta ne a Faransa. Ana buɗewa a Satumba, ba a rufewa sai ƙarshen Fabrairu, kuma mafarautan ƙasar sun kai kusan miliyan ɗaya. Kada ka ɗauka irin farautarmu ce ta rani, da gora da karnuka da bindigar toka. Can aladen daji suke kora, don sun yi yawa suna ɓarnata gonaki. Wasu su shiga kurmi da karnuka suna tayar da naman, wasu su jeru a gefen hanya da manyan bindigogi suna jiran abin da zai ɓullo. Harsashin irin wannan bindiga yana wuce kilomita guda da ƙarfinsa. Gefen wace hanya suke jeruwa? Irin wadda ka ja wa layi. Mai keke kuwa ba ya ƙara, da gudu yake tafe, a sunkuye, ta bayan ganye. Mutumin da ya kwana da zumuɗi, yatsansa a kan kunama tun asuba, me kake tsammani zai fara zuwa masa a rai in ya ga motsi?

Ba tsoron tsufa ne ke sa ni magana ba. A Oktoban 2018, a Montriond can cikin duwatsun Haute-Savoie, wani ɗan Birtaniya mai shekara 34 yana gangarowa a kekensa ranar Asabar, maharbi ya harbe shi ya mutu. A Fabrairun 2022, a yankin Cantal, wata mace mai shekara 25 tana tafiya a ƙasa kan hanyar da aka yi wa alama don masu yawo, harsashin wata yarinya 'yar shekara 17 da ke cikin masu farautar alade ya same ta. Duka biyun babu mota a inda suka mutu. Kuma babu wata rana a mako da dokar ƙasa ta hana farauta a ko'ina. An taɓa hana ta ranar Laraba a shekarar 2000, aka soke a 2003. Asabar da Lahadi kuwa, ranakun da kai ka fi samun sarari, su ne ranakun da daji ya fi cika da su.

To ina hankalin da ake yabonka da shi? Ka zauna ka auna nauyin jaka, ka sayi kayan faci da hular kwano, ka lissafa tudu da gangara, amma ba ka tambayi wanda ke cikin dajin ba. Abin da ya fi ɓata mini rai, ka shirya duk wannan ba ka gaya mini ba, sai ka ce ba ka da uba. Ka san abin da ya sa ba a ambatar hanyar Tanut a gidan nan. Ka san wanda ya je ya ɗauko kawunka, ka kuma ga yadda Hajiya ta koma tun daga ranar. Shi ma cewa ya yi hanyar babu kowa, lafiya lau. Ni aka aika, ni na sa hannu a takarda. Wannan a kusa ke nan, inda na san kowa. Kai fa? In wani abu ya same ka a kurmin da waya ba ta kamawa, wa zai gan ka, wa zai san sunan ubanka, ta ina zan bi in iso? Filin da na sayar ka tafi karatu ban taɓa yi maka gorinsa ba, yau ma ba gori nake ba. Amma ban sayar da shi don a kira ni daga ofishin jakadanci ba.

Na san kuna cewa na cika tsanani. Lokacin da na hana ka babur kun yi ta ƙorafi kai da mahaifiyarka, kun ga kuma abin da ya faru da yaron maƙwabta a wannan shekarar. Wanda ya taɓa binne ƙaninsa ba ya kallon hanya yadda ku kuke kallonta.

Duk da haka ba zan ce ka ajiye keken ba. Na ga hoton da ka ɗauka a bakin ruwa, rabon da in ga fuskarka a sake haka tun kafin ka tafi. Na san zaman ɗaki ɗaya da sanyi da kewar gida suna cin mutum, kuma gara wannan da abubuwan da wasu 'ya'yan mutane ke faɗawa. Allah ya halicci ƙasarsa don a gani.

Abin da nake so ka yi mini shi ne ka cire dajin nan daga tafiyar Oktoba. Ka tsaya kan bakin ruwa da tsohuwar hanyar jirgi, dutsen ka bar shi sai hutun Afrilu, lokacin da farautar taro ta lafa, kuma ka samu abokin tafiya. Ko a hanyar jirgin, ka sa riga mai ɗaukar ido, ruwan lemo ko ɗorawa, ka ɗaura ƙararrawa, kada ka toshe kunnenka da waƙa, dokarsu ma ta hana mai keke yin haka. In ka ga allo an rubuta chasse en cours, wato ana cikin farauta, ko ka ji haushin karnuka da ƙaho, ka juya, ko da za ka yi asarar yini. Ka shiga ofishin magajin gari a ƙauyen da ka sauka ka tambayi inda ake farauta, ba abin kunya ba ne. Lambar neman agaji 112 ce. Sallarka kuma ka san hukuncin matafiyi, ba sai na koya maka ba.

Mahaifiyarka ba ta san da maganar harbin nan ba, ni ma ban gaya mata ba, kada ka gaya mata. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka turo mini sabuwar taswirar in gani da idona.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Ni ne,
Mahaifinka