Auta Ya Kunna Janareta

Agege, Legas

Assalamu alaikum ƙawata ta kaina,

Kar ki fara min tsiya, na san wata huɗu ke nan ban ce miki uffan ba. Tambayarki kan kuɗin leshi a kasuwar Balogun tana nan, zan zo kanta a wasiƙa ta gaba. Bari dai in fara amayar da abin da ya cika min ciki: jiya Auta ya kunna janareta da hannunsa!

Tun gobarar tankar nan da ta rutsa da shi yana cikin kekensa, ko ƙwarzane bai yi ba, amma wanda ya dawo mana ba Autan da kika sani ba ne. Ya ji warin fetur, sai gumi ya karyo masa. Da daddare ya zabura yana neman ƙofa. Mu kuma don tausayi muka daina kunna janareta, a zafin Legas fa! Kawu kullum yana tafe da rubutu a gora, yana cewa ƙaddara ce, ya manta kawai.

Da na ce mu je asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, Inna ta yi tsalle ta dire, wai ɗanta ba mahaukaci ba ne. Ban ga laifinta ba, wurin tun 1907 ya fara a matsayin gidan mahaukata, sunan ya bi shi har yau, duk da ƙwararrun da ke ciki. Daga baya aka haɗa mu da wata Bayarabiya mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce ba shi kaɗai take son gani ba, har mu.

Wallahi maganarta ta farko ta sosa min rai. Wai mu ne ke yi wa tsoron nasa gadi. Duk sanda ya kauce wa abin da ke firgita shi, yana samun sauƙi nan take, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka gudun ne ya cece shi, gobe tsoron ya ƙaru. Ta sa shi ya jera abubuwan da yake tsoro kamar tsani, kowanne da maki daga 0 zuwa 10. Ganin jarka daga nesa 3, wucewa ta gidan mai 7, kunna janareta 10. Ba ya hawa mataki na gaba sai na ƙasa ya daina kaɗa masa hanta. Ta ce wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, shi ya assasa wannan hanya a shekarun 1950. Aikina in zauna kusa da shi, ya ja numfashi ya ƙirga huɗu, ya sauke a hankali ya ƙirga shida, ni kuma in kame bakina. Ni! Na ji dariyarki daga nan, Allah ya isa.

Ba ta hana addu'a ba, ta ce ma Kawu ya ci gaba, kalmar “ka manta” ce kawai ta roƙa a ajiye.

Abin da ban zata ba shi ne Inna. A zama na uku sai ta fashe da kuka, ta kawo zancen 27 ga Janairun 2002, ranar da bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja, mutane suka yi ta faɗawa ruwan Oke-Afa garin gudu. Ashe shi ya sa take kulle kanta a ɗaki duk Kirsimeti in yara sun fara wasan wuta. Mu muna cewa tsufa ne. Yanzu ita ma da nata tsanin, ita da Auta har gasa suke yi.

Af, kin ji 'yar gidan mai burodi ta fasa auren? Lefe ya koma ranar Talata, akwati shida. Sai kin kira, wannan ba na takarda ba ne. Kuma jirgin ƙasan nan na Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege, in kin zo babu sauran uzurin gosulo.

Keken dai bai koma ba tukuna, shi ne sabon mataki mai maki 10. Asabar za mu tsaya gidan mai na minti biyar, ki sa mu a addu'a. Ki gaida angon naki mai rowar kati, da su Ummi.

Taki har kullum,
Yayar Auta