Zuwa ga abokan tafiyarmu: bayani kan yawon jirgin ƙasa da ƙarin kuɗin kujera

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu, ƙannenmu, da duk wanda ya taɓa sayen tikiti a hannunmu, muna gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan takarda, domin na fi so in kira kowa mu yi magana baki da baki kamar yadda muka saba. To amma zancen ya riga ni fita. Ya kai Landan, ya kai Birmingham, har wani ɗan'uwa ya bugo mini waya daga Kano yana tambaya ko da gaske ne mun rufe ofis. Ba mu rufe ba. Muna nan Manchesta inda kuka san mu.

Abu biyu ne suka faru. A yawon Babbar Sallah mun yi muku alkawarin kan jirgi mai tururi, kuka je tasha kuka tarar na dizal ne zai ja tarago. Na ga fuskokin yara ranar, har yanzu abin yana damuna. Na biyu, fita ta gaba mun ɗaga ta, kuma idan ta tashi kuɗin kujera zai ƙaru.

Ina roƙon ku karanta dalili har ƙarshe kafin ku yanke mana hukunci.

Wannan ɗan layin dogo da muke kai ku a Wales ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da shi, kamar yadda aka faro tun 1951 lokacin da wasu masu son jirgi suka karɓi layin Talyllyn don kada ya mutu, wanda shi ne na farko a duniya da aka ceto ta wannan hanya. Jiragen gwamnati a manyan layukan Birtaniya sun bar tururi tun 1968. Ke nan kusan duk kan jirgin da kuka ga yana hayaƙi a yau tsoho ne, kuma abincin yawancinsu ɗaya: kwal.

To kwal ɗin ne ya zama aiki. Mahaƙar ƙarƙashin ƙasa mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya, wato Kellingley, ta rufe a Disamba 2015. Aka koma dogara da mahaƙar Ffos-y-fran kusa da garin Merthyr Tydfil a Wales, wadda kwal ɗinta ke ci da zafi ba tare da hayaƙi mai yawa ba, da kuma wanda ake shigowa da shi daga Rasha. Yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairu 2022, aka hana shigo da na Rasha, farashi ya yi sama. A ƙarshen Nuwamba 2023 ita ma Ffos-y-fran ta daina aiki. Yanzu sai dai a ɗauko daga nesa, irin su Kolombiya da Kazakistan, a jirgin ruwa, sannan a mota har tasha. Ko ba a faɗa ba kun san wanda zai biya kuɗin wannan doguwar tafiya. Ga shi kuma ba duk kwal ne ke karɓar tsohuwar tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi ba. Wani yana narkewa ya daskare a gindin murhu ya toshe iska, sai mai zuba kwal ya yi ta fama da shebur jirgi na kan tudu. Kafin Sallah dillalin da mutanen layin suke saye a wurinsa ya makara da kaya, da kayan suka iso kuma ba irin wanda aka yi ciniki a kai ba ne. Wannan ba a ofishinmu aka yi shi ba, ba mu da hannu ko kaɗan.

Sai maganar tukunya. Duk shekara mai duba lafiyarta yakan zo, kuma bayan kamar shekara 10 dole a sauke ta gaba ɗaya, a zare bututu, a duba kowane ƙarfe. Ba a roƙon alfarma a nan, domin tukunyar tururi idan ta fashe rai take ɗauka. Babban kan jirgin da kuka saba ɗaukar hoto a gabansa lokacinsa ya cika, yana rumfar gyara a warwatse, kuma masu gyaran sai Asabar da Lahadi suke samun zuwa. Saura ƙaramin. Shi kuma ranar fitarmu an yi makonni ba ruwan sama, ciyawar gefen dogo ta bushe ƙamas, tartsatsi ɗaya daga bututun hayaƙi ya isa ya kama gonar mutane da tumakinsu. Waɗanda ke nan a Yulin 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Ingila, sun tuna yadda layuka da dama suka ajiye tururi saboda wannan dalili. Da daddare aka sanar da ni cewa na dizal ne zai ja mu. Na kwana ina tunanin ko in soke tafiyar, sai na tuna an riga an soya nama, an yi wa yara kitso da lalle, wasu sun kama hanya tun daga Gilasgo. Na zaɓi mu tafi. Idan kuskure ne, nawa ne.

Ga kamfanin da muke hayar bas a wurinsu, su ma sun ƙara kuɗi sau biyu, sun ce dizal da albashin direba. Mun shanye na farko ba mu gaya wa kowa ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne zancen da ke yawo a WhatsApp cewa mun san dizal ne tun farko muka yi shiru don mu ci riba. Subhanallah. Shekara nawa muna wannan harka, wa ya taɓa zuwa ofishinmu neman haƙƙinsa ya koma hannu rabbana? Kuɗin hayar jirgin mun biya shi cif tun kafin azumi, ba a rage mana ko fam ɗaya ba, ni kuma ban nemi ragi ba, domin na san halin da mutanen nan suke ciki. Jiragen Kirsimeti da suke yi a Disamba da irin hayarmu ta Sallah su ne ke ciyar da layin a watannin sanyi da ba kowa. Direban da ke jan ku ba a biyansa. Mai yanka tikiti tsohuwar malamar makaranta ce. Akwai dattijon da ke fitowa tun kafin asuba ya hura wuta, domin tukunya mai sanyi sai ta ɗauki awanni kafin ta tara tururi, kuma ba a gaggauta ta. Su ne suka share mana ɗakin jira muka yi sallar Azahar, suka ajiye mana ruwan ɗumi na alwala ba tare da mun roƙa ba. Ina jin kunyar in tsaya gabansu ina ciniki a kan abin da Allah ne ya kawo.

Ina godiya ga Hajiyarmu ta Bradford, wadda tun fitarmu ta farko da ƙaramar bas ɗaya take tare da mu, da 'ya'yanta a lokacin, yanzu kuma da jikoki. Ita ce ta fara kirana bayan Sallah, ta ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa?" Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ina godiya ga Malam da ɗalibansa na Islamiyya da ke cika mana tarago guda duk shekara, da ƙungiyar matan da ke kawo waina da zoɓo har 'yan sa-kai suka san sunan abincin. Ga kuma Babanmu, tsohon ma'aikacin reluwe a Zariya, wanda ya zauna da direbobi yana ba su labarin kwal ɗin Inugu, da yadda dogo ya isa Kano a 1911, da ɗan siririn layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957 yana yaro. Ranar da ya fara jin usur ɗin jirgin nan sai da ya share hawaye. Baba, saboda irinku muke wannan wahala, kuma ban manta alkawarin da na yi maka na shiga wurin direba ba.

Game da abin da muke yi, muna kan tattaunawa da mutanen layin da kuma wasu masu bas. Akwai hanyoyi biyu ko uku da muke dubawa, ba na so in ambace su tun ba su nuna ba. Waɗanda suka yi tafiyar Sallah za mu yi musu wani abu a fita ta gaba, in Allah ya so. Sabon farashi za mu faɗe shi da zarar mun gama lissafi, kuma za mu yi iya ƙoƙari kada ya yi wa mai iyali da yawa nauyi. Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami kuɗinsa na nan, bai yi ko gezau ba.

Na san akwai masu kai mutane yawo a farashi ƙasa da namu, na kuma ji wasu cikinku sun fara tambaya. Ba zan hana kowa ba. Ina dai roƙon ku ba mu wannan kakar kafin ku juya mana baya.

Abu na ƙarshe, layin zai yi aikin gayya kafin sanyi ya shigo: sare ƙayar gefen dogo, sauya ruɓaɓɓun katakan ƙarƙashinsa, goge tagulla, da fentin tarago biyu. Ni da ƙanena da yaran ofis za mu je kamar yadda muka saba, kuma akwai wuri a motarmu. Ba a buƙatar gwaninta, takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa kawai, abincin rana kuma a wuyanmu. Matasa musamman, ku zo ku ga babban kan jirgin a rumfa da idonku. Wanda ke so ya leƙo ofis ko ya kira lambar da kuka sani, a rubuta sunansa.

Allah ya bar zumunci.

Naku,
Ni da maiɗakina da dukkan ma'aikatan ofis