Godiya Ga Malaman Gona Na JARDA Daga Manoman Ƙasar Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu manoman ƙauyukan bakin kogin Haɗejia, a ƙaramar hukumar Auyo, muka ga ya dace mu fito fili mu gode wa malaman gona na Hukumar Bunƙasa Noma da Raya Karkara ta Jihar Jigawa, wato JARDA. Mun saba ɗaga murya idan an yi mana ba daidai ba, to yau an kyauta mana, kuma yaba kyauta tukwici.

Kowa ya san damina ta sauya hali. Iyayenmu suna cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, kuma da wannan lissafin suka yi noma har suka tsufa. Yanzu sai a yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, mutum ya kwashe irin da ya ɓoye tun kaka ya zuba a ƙasa, sannan sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone. Can cikin Agusta da Satumba kuma, idan madatsun Tiga da Challawa suka cika, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, sai kogi ya hau gonaki da gidaje. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, ba labari aka ba mu ba. Auyo, Haɗejia, Kafin Hausa, Ringim, duk mun sha ta.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, NIHSA, ita ma tana fitar da nata na ambaliya. Amma takardar da aka rubuta da Turanci aka ƙaddamar a Abuja, me za ta yi wa dattijon da ke da gona biyu da jaki ɗaya? Sai an sami wanda zai ɗauko ta ya kawo ta dandali da harshen da muke ji, kuma kafin iri ya shiga ƙasa. Wannan shi ne aikin da ku malaman gona kuka yi mana.

Malamin gonarmu yakan iso a kan babur bayan la'asar, ƙura har gira, ya zauna a tabarma tare da mai unguwa da sarkin noma. Ba ya cika mu da dogon Turanci. Cewa yake: “Baba, bana ana sa ran ruwa zai ɗan makara, kuma akwai yiwuwar fari bayan shuka. Kada ku ruɗu da ruwan farko. Ku tona ƙasa, in laimar ba ta nutsa ba, ku dakata.” Wani dattijo ya taɓa tare shi da cewa gaibu na Allah ne. Bai yi musu ba. Ya ce haka ne, Baba, shi ya sa ake ce masa hasashe, amma wanda ya hango hadari ai yakan kwashe shanya. Wannan ladabin ne ya sa tsofaffin da ba sa sauraron kowa suke matsowa kusa idan ya zo.

Daga bakinku muka san geron Sosat da gyaɗar Samnut 24, masu nuna cikin kusan wata uku, waɗanda ko ruwa ya ɗauke da wuri mutum ba zai tashi a tutar babu ba. Masu fadama kuma kun faɗa musu akwai shinkafa Faro 66 da Faro 67, masu jure nutsewa a ruwa na kusan mako biyu. Lokacin marka, saƙonku na murya yana yawo a wayoyi, wanda ba ya karatu ma ya ji, mai shela ya ƙarasa ga sauran. Da shi mutane suka riƙa kwashe hatsi daga rumbu zuwa tudu, matasa suka cika buhuna da yashi suka ƙara jinga tun ruwa bai iso ba.

Godiya ta musamman ga malamar da ke shiga gidaje. Matanmu suna kiwon awaki, suna noman riɗi da zoɓo, zawarawa da yawa su ke ciyar da marayu, amma ba sa zama a dandali. Da ba ta shiga ta zauna da su a tsakar gida ba, da labarin a zaure zai tsaya.

Muna da roƙo. Malaman sun yi kaɗan, mutum ɗaya yana zagaya ƙauyukan da suka fi ƙarfinsa, wasu unguwannin sai an gama shuka ake isa gare su. A ƙaro ma'aikata, a wadata su da abin hawa. A kai wannan bayani rugagen Fulani da wurin masunta, domin su ma ruwan nan yana cin dukiyarsu. Irin da ake yi mana bayaninsa kuma a kawo shi kusa, a farashin da talaka zai iya, tun cikin bazara.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a kan hanyoyin nan namu, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
A madadin manoman ƙauyukan bakin kogi,
Ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa.