Bashin mata masu ƙananan sana'o'i: a duba yadda ake karɓar kuɗin

Assalamu alaikum Edita, don Allah ka ɗan ba ni fili in ce wani abu kan bashin nan da ake cewa ana tallafa wa mata da shi.

Ni matsar man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli a cikin gida, bara muka haɗa ƙungiya mu goma muka ci bashi a wani ƙaramin banki na maikuro fainans, to wallahi kuɗin ba su kwana bakwai a hannuna ba ma'aikaciyarsu ta iso da littafinta wai biyan sati ya kama, ni kuwa gyaɗar ma tana wajen mai inji ba a markaɗa ba balle a yi zancen ciniki. Daga cikin uwar kuɗin na ciro na ba ta. Kuma ƙa'idarsu in ɗaya ta gaza sauran ne za su cike mata, haka muka ɓata da maƙwabciyata da muka shekara goma sha muna aron turmi da taɓarya, yanzu ko gaisuwa sai da ƙyar.

Tun 2005 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin waɗannan bankuna, amma har yau mata da yawa a nan Kano gudunsu suke saboda kuɗin ruwa, malamai sun ce riba ce, mace ta gwammace ta zauna a adashinta. Ai adashin ma ya fi sanin halinmu, uwar adashi ta san ranar da yaronki ya kwanta asibiti ta ɗaga miki ƙafa. Bankin Jaiz ya fara aiki ba ruwa tun 2012, me zai hana ƙananan bankunan su ɗauki wannan hanya, su sayo mana buhun gyaɗa ko keken ɗinki su ɗora ribarsu a fili mu biya a hankali? Hakan ma zai hana maigida ya ce ara min na cefane, wanda duk mun san ba ya dawowa.

Dubu goman TraderMoni kuwa, bashin da gwamnatin tarayya ta raba wa ƙananan 'yan kasuwa a 2018, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 tiya nawa za ta saya?

Roƙona ga masu bankunan, su ba mace ko wata ɗaya ne ta juya kuɗin kafin su fara turo mai littafi.

Daga mai sana'ar ƙuli-ƙuli, Kurna, Kano