Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Noma da Raya Karkara na Kamaru a kan maganin feshi da ciwon karkarwa

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Garwa a kan wata cuta da ake ɗauka aikin asibiti ce kawai, alhali wani kaso nata a gona ake ɗaukowa. Kowa ya san gubar maganin feshi mai kayar da mutum nan take da amai da jiri. Wadda ba a lura da ita ita ce mai ɓoyewa a jiki, sai bayan shekaru masu yawa hannu ya fara karkarwa ko mutum yana zaune, gaɓoɓi su sandare, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa. Likitoci suna kiranta cutar Fakinson. A ƙauyukanmu kuwa akan ce tsufa ne ko jifa, iyali su ƙarar da abin hannunsu wajen neman magani inda babu shi.

Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki, suna mutuwa sannu a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Maganin lebodofa yana sassauta alamun, amma ba ya warkarwa. Gaskiya ne shekaru da gado suna da hannu a ciki, kuma ba kowane mai feshi ne zai kamu ba. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan manoman Amurka ya nuna cewa waɗanda suka yi aiki da maganin ciyawa na parakwat ko maganin ƙwari na rotenon sun fi sauran kamuwa da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta daina amfani da parakwat tun 2007, Faransa kuma, wadda muke yawan kwaikwayon dokokinta, ta amince a 2012 cewa wannan cuta ce ta sana'a ga manoman da suka daɗe suna mu'amala da magungunan feshi, har ana biyansu diyya.

Ranka ya daɗe, manoman can suna da safar hannu da takunkumi da takalmin roba. Namu fa? Mai auduga a kwarin Binuwai, da mai albasa a kewayen Marwa, da mai share fili don dasa masakwa, sau da yawa da 'yar riga da silifa suke goya injin feshi, yana ɗiga a gadon bayansu cikin zafin rana. Ana sayar da magani tsiyaye a kwalabe marasa takarda a kasuwannin mako, mai takardar ma da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta gargaɗinsa. Jarkar da ta ƙare kuwa, abin takaici, takan koma ta ruwan sha ko ta mai.

Muna da dokar kare tsirrai ta 2003, saboda haka aiwatarwa muke roƙo. A tabbatar parakwat ba ya isowa hannun manomi, ko ta tashar jiragen ruwa ta Duwala ko ta kan iyakokinmu masu faɗi, a kuma bi kasuwannin ƙauye, domin can cinikin yake. Tunda kamfanin auduga na SODECOTON yana kai wa ƙungiyoyin manoma taki da magani bashi, hanyar da za a bi a kai musu kayan kariya a buɗe take. A yi gargaɗi da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan yankin a gidajen rediyo, a sa lamiɓe, wato sarakunanmu na gargajiya, da limamai da fastoci a ciki.

Roƙona na ƙarshe shi ne ka haɗa kai da Ministan Lafiya, a umarci asibitocin Garwa da Marwa da Ngawundere su riƙa tambayar duk mai karkarwa sana'arsa da irin maganin da ya yi feshi da shi, su rubuta, domin a san yawan manoman da abin ya shafa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin gona mai ritaya, Garwa