Rahoton ayyukanmu na bana: bincike lokacin horon ƙwarewa a rediyoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga bayanin abin da ƙungiya ta yi bana, kuma gaskiya duk inda muka zauna tambaya ɗaya ce ke dawowa daga bakin ɗalibai: in na shiga horon ƙwarewa a rediyoloji (fannin gano cuta ta hoton cikin jiki), ga kol (aikin jiran kira) na dare ga tarin hotunan da za a rubuta wa rifot ga jarrabawa, yaushe zan yi bincike?

Zaman karanta jonal (mujallar binciken likitanci) shi ya fi ɗaukar lokacinmu kuma shi ya fi amfani a ganina. Mun koyi cewa in takarda ta ce wani hoto yana gano cuta, abin farko da za ka nema shi ne da me aka gwada shi, misali hoton nono sai an haɗa shi da sakamakon tsokar da aka ɗiba aka auna a lab kafin a ce ya yi daidai, sannan a duba ko likitoci biyu da suka karanta hoto ɗaya bakinsu ya zo ɗaya, nan ne lissafin kappa, mai auna yadda bakinsu ya zo ɗaya, ke shigowa. Mun bi ƙa'idar STARD (jerin abubuwan da ya kamata takardar bincike kan gwajin gano cuta ta ƙunsa) da aka sabunta a 2015 layi-layi, da farko mutane sun ji nauyi amma yanzu ƙannenmu na aji uku ma suna kama kuskure a takarda da kansu, wallahi abin ya faranta mana rai.

Ranar 8 ga Nuwamba mun yi taron ranar rediyoloji ta duniya, ranar da masanin fiziks Röntgen ya gano hasken X (X-ray) a 1895. An kuma tuna mana cewa Hounsfield, wanda aka fara ɗaukar mara lafiya da na'urarsa ta CT (mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki) a 1971, injiniya ne ba likita ba, don haka kar mu ƙi haɗa kai da 'yan fiziks da kwamfuta.

Masu son binciken AI suna da yawa, madalla, amma mun tsaya kan cewa ba a taɓa hoton mara lafiya sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma sunansa da lambarsa na ɓoye cikin fayil ɗin DICOM (tsarin da ake ajiye hotunan asibiti da shi) ko da ba ka gan su a allo ba, dole a goge.

Inda ba mu kai ba shi ne jagoranci. Manyanmu suna so amma aiki ya musu yawa, wasu ayyukan sun tsaya a rabi. Sha'awa kaɗai ba ta isa ba, sai an ware wa mai karɓar horo lokaci na bincike zalla, kamar tsarin Holman na hukumar rediyoloji ta Amurka da ke ba da wata 18 cikin horon.

A shekara mai zuwa za mu haɗa kowane ɗalibi da babban likita ɗaya kan aiki ƙarami da zai ƙare kafin ya gama makaranta, kuma za mu roƙi sashe ya ware rana ɗaya a mako. Mai so ya ba sakatare sunansa kafin zama na gaba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.